Aikin Gyaran Ƙofa Ma Yana Da Kakarsa

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, na Gulma da na Argungu da na Birnin Kebbi, da duk wanda wannan takarda ta iske a bakin gulbi ko a tudu. Kun saba jin zancen buhu da tiya daga gare mu, abin da gero ya yi da abin da shanshera ta yi. Yau kuwa zancen na abin da ke tsare buhun ne, watau ƙofar sito da ƙofar shago, da mutanen da ke gyara mana su: mai walda, da kafinta, da maƙeri.

Dalilin da ya sa munka ɗauko wanga zance shi ne, kowace shekara in kaya sunka fara shigowa kasuwa, kuka guda muke ji a rumfuna. Wannan ya ce ya buga wa mai walda waya sau goma bai ɗauka ba. Wancan ya ce tun shekaranjiya anka ce masa "ga ni nan tafe," har yau ko ƙurar babur bai gani ba. Wani kuma ya kwana uku bisa buhu da tocila a hannu, domin ƙofarsa ta ƙi rufuwa, ga kayan mutane a ciki. In ka je wurin mai waldan, shi ma da nasa kukan: wata biyu yana zaune yana korar ƙuda ba wanda ya tuna da shi, sai a mako guda gari duka ya taso masa, kowa na cewa nasa ne na gaggawa. To, da mu da su duk gaskiya muke faɗi. Abin da ya rage shi ne mu gane cewa wanga cunkoso yana da watanninsa sanannu, kamar yadda farashin hatsi ke da nasa. Abin da anka san ranar zuwansa kuwa, ana iya yi masa shiri.

Fasali na farko: lokutan da aiki ke taruwa

Cunkoso na farko, kuma babbansu, shi ne na kaka. Gero kan fara shigowa wajen watan Satumba, shinkafar damina da dawa su biyo baya daga Oktoba har Disamba. Siton da anka sayar da kayansa tun farkon damina anka bar shi a kulle, yanzu ne za a buɗe shi. Ya sha ruwan Yuli da na Agusta, laima ta kwanta a gindin ƙofa, tsatsa ta cinye ƙasan ƙarfen, hinji ya cije, kwado ya ƙi makulli. In ta katako ce, ta kumbura ta matse cikin firam, ko gara ta gama da dokin ƙofa ta bar fenti kaɗai a tsaye. Mu na fadama muna da ƙarin wata cuta. Ƙasar laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage in ta bushe, sai bango ya ɗan motsa, firam ya karkace, sakata ta daina samun raminta. Mai sito ba ya sanin duk wannan sai ranar da mota ta tsaya masa da kaya.

Na biyu shi ne na hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Katakon da ya kumbura da damina yanzu ya bushe ya motse, ƙusa ta saki, kafa ta buɗe tsakanin allo da allo. Ita kuwa ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama, irin wadda ta yawaita a sababbin shagunan Birnin Kebbi da garejin motoci, ƙura ce maƙiyiyarta. Ƙurar kan haɗu da tsohon giris a cikin hanyar da ƙofar ke bi ta gefe da gefe, ta zama kamar ƙullun laka. Yaro ya zo da safe ya ja da ƙarfi, sai ta goce daga hanya ko ta tsaya rabi, ba ta sama ba ta ƙasa.

Na uku shi ne wanda iyayenmu ba su sha fama da shi ba: girbin shinkafar rani, wajen Afrilu da Mayu, ya haɗu da guguwar farkon damina ta Mayu da Yuni. Iskar da ke gaban hadarin fari ita ce mai yaye kwano, ta bugi ƙyauren da anka bari a buɗe ta karya masa hinji. Kuma a waɗannan makonni ne manomi ke kai wa mai walda garmar shanu da amalanke da injin sussuka. Hannun da kake jira ya zo ƙofarka, shi ne hannun da manomi ke tsaye a kansa yana cewa ruwa ya kusa sauka.

Na huɗu na Sallah ne. Masu tufafi da takalma da kayan masarufi suna son shago ya yi kyau kafin ciniki ya buɗe, masu tafiya gida kuma suna son kulle mai ƙarfi kafin su bar shago kwana da kwanaki. Shi wannan ba ya zama wata guda, domin shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ran 30 ga Maris, babba ran 6 ga Yuni, watau ɗaya gab da girbin rani, ɗaya tsakiyar guguwa. Kowace shekara suna ja baya, suna nufar hunturu, kuma nan gaba za su iske kaka. Sai kowa ya riƙa duba kalandarsa. Mutanen Argungu kuma suna da nasu na musamman, watau bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934. Shekarar da za a yi shi, wajen Fabrairu ko Maris, aikin rumfuna da masaukan baƙi kan kwashe masu walda da kafintoci zuwa wajen Matan Fada, mai ƙaramin gyara sai haƙuri.

Ban da waɗannan huɗu akwai ambaliya, wadda ba kowace shekara take zuwa ba. Wanda ya ga ta 2020 a wannan kwari ya san yadda ruwa ya ci gonakin shinkafa ya kayar da bangaye, ya kuma san yadda anka yi ta neman magini da mai walda bayan ruwa ya janye.

Fasali na biyu: abin da ya sa lamarin ya tsananta

Kakanninmu ba su san layin mai walda ba, domin rumbu ba shi da ƙofar da za ta lalace. Bakinsa na sama, a rufe a liƙe da laka a ɗora jinka, shi ke nan sai ranar buɗi. Ɗaki kuwa asabari ne ko tufaniya, sai zauren mai hali ne ake sa wa gambu, watau ƙyaure, wanda maƙeri ya yi wa ƙusoshi. Da buhu ya maye gurbin dami a hannun ɗan kasuwa, sai buhu ya nemi sito, sito kuma ya nemi ƙofa mai faɗi wadda ɗan dako zai wuce da kaya a ka, wani wurin ma wadda mota za ta shiga da baya.

Sa'an nan ga abubuwan da sunka faru a idonmu. Ran 27 ga Agusta 1991 anka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, gine-gine sunka tashi. Ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya. A 2017 anka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja. A waɗannan shekaru duk wanda ya sami ɗan jari ya gina sito, a gari da ƙauye. Amma fa sito ana gama shi cikin wata biyu, yaro kuwa ba ya zama gwanin walda sai ya yi shekaru a gaban maigidansa. Ƙofofi sun ninka, hannuwan gyara ba su ninka da su ba.

Abu na ƙarshe shi ne waya. Kafin wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, in ƙofarka ta lalace sai ka aiki yaro, ko ka taka da kanka. Kana isa za ka ga mutum biyar zaune bisa benci, ka ga ƙyaure uku jingine da bango, ba sai an gaya maka akwai layi ba. Yanzu mutum goma na iya kira a sa'a guda, kowa daga rumfarsa, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne. Shi kuma mai waldan, ga madubi a fuska, ga ƙarar janareto, ga nauyin babban mutum da yake ji. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce, "To, Alhaji, ga ni nan tafe." Ya faɗa wa mutum goma haka, ya kuma san ba zai iya zuwa wurin goma ba. Daga nan rashin yarda ke farawa.

Fasali na uku: mu yi lissafi irin namu na kasuwa

A ce mai walda da yaransa suna iya gama ƙofa 4 a yini. Lokacin da babu cunkoso, in kira 3 ya shigo, kowa a ranar za a sallame shi. To, kaka ta zo, kira ya zama 10 a yini. Kullum 6 na kwana. Bayan kwana 6 na aiki, mutum 36 ke jira. Wanda ya kira a rana ta bakwai, ko da ba a tsallake shi ba, ko da mai waldan bai yi ƙarya ba bai yi ƙyuya ba, sai ya jira kwana 9 kafin a zo kansa. Kwana tara kaya na bayan ƙofar da ba ta kulluwa!

Yanzu mu juya lissafin. A cikin goman nan, a ce biyar ba karyewar yau ba ce, ƙofofi ne da sunka daɗe suna kuka, waɗanda da an duba su tun Agusta da ba su shiga layi ba. Saura kira 5 a yini, ana gama 4. Bayan kwana 6 mutum 6 kaɗai ke jira, watau yini ɗaya da rabi. Hannu bai ƙaru ba, injin walda bai ƙaru ba, amma kwana tara ya koma ɗaya da rabi.

Mu masu hatsi mun fi kowa sanin wanga karatu. Muna saye da kaka lokacin da kaya ke neman mai saye, mu ajiye har su yi daraja. Aikin mai walda ma haja ce, tana da lokacin arha da lokacin tsada. Bambancinsu guda ne: hatsi ana zuba shi rumbu, yinin mai sana'a ba a zuba shi rumbu. Yinin Agusta da ya wuce masa yana zaune ya tafi ke nan, ba za a fito da shi a Nuwamba ba. Tun da ba a iya ajiye yinin, sai a matso da aikin zuwa inda yinin yake.

Fasali na huɗu: shawara ga masu gyara

'Yan'uwa masu walda da kafintoci, mun san wasunku na karanta wannan takarda, wasu ana karanta musu. Mun ga yadda masu tsari a cikinku ke yi, shi ne muke son ya game kowa.

Da farko, a sami littafi. Da ajami ko da boko, duk ɗaya. Duk wanda ya kira a rubuta sunansa, da wurin, da ranar. Kai ba ya riƙe mutum talatin da shida. Kuma littafi shi ne shaidarka ranar da wani ya ce an tsallake shi.

Na biyu, a raba waya da hannun da ke riƙe da wuta. A ba yaro guda mai hankali da ladabi, a koya masa tambaya biyar: ina ne wurin, ƙofar ta ƙarfe ce ko ta katako ko mai naɗewa, mene ne ya lalace, akwai kaya a ciki, kuma tana kulluwa yau da dare ko ba ta kulluwa. In mai kiran yana da babbar waya, ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp. Da wannan za ka san abin da za ka ɗauka tun daga shago, ba sai ka je ka gani ka komo ɗaukar hinji ba.

Na uku, kuma shi ne mai wuya: a jera mutane bisa girman hasarar da ke gabansu. A gaba a sa wanda ke da kaya a ciki kuma ƙofa ba ta kulluwa. Bayansa wanda ƙofarsa ta ƙi buɗuwa ga mota na jira. Bayansa wanda tasa ke aiki amma da ƙyar. Daga ƙarshe mai sabon aiki da mai son ado. Mun sani babban mutum zai kira ya ce a zo a canja masa ƙofar gareji, ka ji nauyi. Gaya masa gaskiya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, akwai mai buhu ɗari a bayan ƙofa karyayya, in na kulle masa jibi da safe ina wurinka." Mai hankali zai ƙara ganin girmanka, domin ya san ranar da abin ya faɗo kansa haka za ka yi masa.

Na huɗu, a raba kulle da gyara. Wanda ke cikin haɗari ba kullum yake bukatar aikin yini guda a ranar ba. Sau da yawa abin da yake bukata shi ne ya yi barci: a ɗana hinji da ɗan walda, a liƙa kunne biyu a zura sarƙa da kwado, aikin rabin sa'a. Cikakken gyara ya biyo baya a ranar da anka rubuta. Babban yaro guda da babur yana iya kulle ƙofa biyar da yamma, maigida na shago yana babban aiki.

Na biyar, a haɗa tafiya. Tun da anka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin babur da na janareto ya zama rabin zancen kowane aiki. Kada a je Gulma da safe don ƙofa guda, a komo Argungu, a sake komawa da la'asar. A tsai da rana: yau ta wannan gari, gobe ta wancan layi. Kuɗin mai ya rabu bisa mutum huɗu ko biyar.

Na shida, a tanadi kaya tun kafin lokaci: hinji, sakata, kwado, sandar walda, rodi, fenti mai hana tsatsa. Mai sayar da su ma ya san kaka, ya san lokacin ƙara kuɗi. A kuma tuna yaran shago 'ya'yan manoma ne, da yawansu za su nemi izinin zuwa girbi a daidai makon da aiki ya yi yawa. A zauna da su tun da wuri a raba kwanaki.

Na bakwai, in aiki ya fi ƙarfinka, miƙa wa ɗan'uwanka. Mu dillalai muna yin haka kullum: in ba ka da kayan da baƙo ke nema, ka kai shi wurin mai shi, a raba la'ada, baƙon kuma gobe wurinka zai sauka. Riƙe mutum da "gobe, gobe" don kada wani ya ci kuɗinsa, shi ke sa ka rasa shi gaba ɗaya. In kuma aikin dare ko na gaggawa yana da ƙarin kuɗi, a faɗi tun a waya. Ba laifi ba ne, amma faɗinsa bayan an gama aiki shi ke kawo faɗa.

Fasali na biyar: namu ɓangaren

To, 'yan'uwa, kada mu ɗora musu kaya duka, rabin maganin yana hannunmu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokacin duba ƙofa shi ne lokacin da sito ya zama wayam. Ga mafi yawanmu wannan shi ne Yuli da Agusta, bayan an sayar da ajiyar bara. Ga masu jiran shinkafar rani kuwa, Fabrairu zuwa farkon Maris. A zaɓi ranar da gari ya washe, domin walda ba ta shiri da ruwa, fenti kuma na son rana. A wannan lokaci mai walda zai zo da kansa, ya tsaya ya yi aiki a natse, kuma ciniki da shi ya fi daɗi.

Abin da za a duba ba shi da yawa. Buɗe ƙofar ka rufe sau uku, ka saurari kukanta. Ɗaga bakinta da hannu, in ta yi wasa hinji ya gaji. Soka ƙusa a ƙasan ƙarfen da gindin firam, in ta shige tsatsa ko gara sun riga ka. Sa'an nan ka shiga ciki da rana tsaka, a rufe ka, ka duba inda haske ke shigowa. Duk kafar da fensir zai shiga, ƙaramin ɓera zai shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda haske ya shigo ta ƙasa, nan ruwan tsakar gida zai bi ya taɓa buhun ƙasa, kuma kun san abin da laima ke yi wa shanshera a wurin awo.

Akwai abin da ba sai an kira kowa ba. Ɗigon mai a hinji da kwado wata-wata. Share hanyar ƙofa mai naɗewa da tsintsiya kafin a sa mata mai, kuma da hunturu a sa kaɗan, domin yawan giris ƙura yake tarawa. A sa dutse ko ƙugiya a riƙe ƙyaure in an buɗe shi, kada iska ta buga shi. Amma abu guda muke gargaɗi a kansa da babbar murya: sifirin da ke cikin naɗin ƙofa ta sama, kada kai ko yaronka ku taɓa shi. A ɗaure yake da ƙarfin da ke ɗaga ƙofar duka, in ya kuɓuce yana karya hannu, yana fasa fuska. Wannan aikin gwani ne.

Sa'an nan mu haɗa kai. Layi guda na masu hatsi yana iya samun sito goma sha biyar ko ashirin. A zauna da shugaban layi ko sarkin kasuwa, a yi jinga guda da mai walda guda: ya zagaya layin duka sau biyu a shekara, kowa ya biya abin da anka yi masa, da sharaɗin in ta ɓaci da kaka 'yan layin ne a gaba. Shi ya sami aiki lokacin zaman banza, mu mun sami wanda zai ɗauki wayarmu.

Zancen ɗaukar waya ya kawo mu ga biya. Mu faɗa wa juna gaskiya, akwai wanda ba a ɗaukar wayarsa don cikon kuɗin bara bai fito ba. Mai walda da kuɗinsa yake sayen mai da sanda kafin ya zo. A ba shi kafin alƙalami, a cika masa ranar da ya gama. Wanda ya tuna ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya san amfanin a ce mai sana'arka ya yarda da kai tun kafin ranar wuya. Kuma kada a kira mutum uku a kan ƙofa guda wai wanda ya riga zuwa shi ke da aiki. Biyun da sunka ƙone mai a banza ba za su manta ba, kuma ka cinye lokacin da za su kulle wa wani ɗan'uwanka.

In dole ta sa a yi walda alhali sito na cike, a janye buhuna nesa da ƙofa, a share ƙaiƙayi da buntu, a jiƙa tsohon buhun algarara a tare tartsatsi, a ajiye bokitin ruwa da na yashi. Buhun leda ba ya jimre ko ƙyas. Bayan an gama kada a kulle a tafi nan take, a zauna a ga ko wani wuri na hayaƙi, domin wutar buntu a ɓoye take ci. Kai ma ka tsaya a wurin, ko babban yaronka. Wanda ya gyara ƙofarka ya san lagonta, saboda haka a yi hulɗa da wanda anka san gidansu, makulli kuma ya zauna a aljihun mai shi.

Wani zai ce, da damina kuɗi na gona, wa ke da na fenti? Gaskiya ne hannu kan yi ƙunci a lokacin. Amma a auna shi da abin da ake biya in an jira: kuɗin mai gadi na kwana tara, da kuɗin motar da ta kwana da kaya, da ƙarin na gaggawa, da buhun da ɓera ya huda. Ga dillali kuwa abin ya wuce kuɗi. Mafi yawan abin da ke bayan ƙofarsa ba nasa ba ne, na manomi ne da na baƙon da ya taso daga nesa ya bar masa amana. In buhu biyu sunka ɓace ta ƙofar da kowa a layi ya san ba ta kulluwa, ba wanda zai karɓi uzurin cewa mai walda bai ɗauki waya ba. Za a biya kayan, a kuma rasa baƙon, kuma labari zai riga ka isa kasuwa ta gaba.

Saboda haka, wanda sitonsa ke wayam yau, ya je ya buɗe ya rufe ya saurara. Wanda ke da lambar mai walda ya kira shi yanzu da wayarsa ke hutawa, a tsai da rana. Shugabannin layi kuma a kawo zancen jingar nan a zama na gaba. Allah ya tsare mana dukiyarmu da ta mutanen da ke hannunmu, ya ba da kaka mai albarka da ciniki mai amfani. Haza wasalam.